Tumfafiya, anza da malam-buɗe-littafi

Daga Agusta zuwa Satumba, in ciyawa ta kai gwiwa tafasa ta yi fure, ko'ina a ƙasar Katsina sai ka ga malam-buɗe-littafi. Amma kowane iri da wurin da yake zama, kuma abincin tsutsarsa ne ke zaɓa masa wurin.

Ni malamin firamare ne, hanyata ta zuwa makaranta tana bi ta gefen wani ɗan gandun daji a kan hanyar Daura. Cikin shingen bedi ne da turare, an jera su layi-layi, ga inuwa mai daɗi. Sai dai za ka daɗe a ciki kafin ka ga fiffike ɗaya ya gifta. Burtalin da ke bayan shingen kuwa, wanda shanu suka tattake, ba komai sai tumfafiya da anza da tafasa, nan ne suke cika.

Je ka ɗaga ganyen tumfafiya ka duba bayansa. Za ka tarar da wata tsutsa mai zane baƙi da fari da rawaya tana ci hankali kwance, alhali farin ruwan ganyen nan guba ne. Gubar tana zama a jikinta har ta rikiɗe ta yi fiffike, shi ne wannan jan mai baƙin baki da ɗigo-ɗigon fari. Shi ya sa yake tashi a sanyaye, ba ya gudun kowa, don tsuntsun da ya taɓa haɗiye shi ya yi amai ba ya sake marmari. Akwai ma wani iri daban da ba shi da gubar ko kaɗan, amma macensa ta ari kamannin wancan sak, tsuntsaye suna ƙyale ta. Wannan wayo har yau yana ba ni dariya.

Fararen nan masu jijiya baƙa-baƙa a anza suke ƙwai, anzar da kakanninmu suka jiƙa 'ya'yanta suka ci a shekarun yunwa. Masu ruwan ɗorawa su ne na tafasa. In kana son ganinsu a tare, ka je mashayar shanu da hantsi. Za su zauna a kan danshin ƙasa inda shanu suka yi fitsari, fiffike a tsaye, suna tsotsar gishirin da ke ciki, kuma yawancinsu maza ne.

Can cikin gamba da ƙyasuwa akwai wani mai ruwan ƙasa da ba ya fitowa sai dab da magariba. Na damina yana da zane irin na idanu a fiffike, na rani kuwa in ya sauka cikin busasshen ganye ba ka bambance su.

A Najeriya akwai irin waɗannan halittu fiye da 1,000, mafi yawansu a kurmin kudu kamar na Kuros Riba. Namu na nan arewa kaɗan ne, ga shi dajin Rugu da ya kamata a je a duba sosai 'yan bindiga sun hana shiga. Ɗan abin da ya rage mana a burtali da bakin gona shi ma maganin feshi na cinye shi, rani na yi masu farautar gafiya su cinna wa sauran wuta.

Na yi wa dattijon da ke gadin gandun maganar a riƙa barin anza da tafasa in an zo sharar ƙarƙashin itatuwa. Ya dube ni ya ce, "Malam, ai in oga ya zo ya ga ciyawa cewa zai yi ban yi aiki ba." Da gaskiyarsa. Mun dai daidaita ya bar mini kusurwar gabas, can inda motar oga ba ta kaiwa, in riƙa kai 'yan aji biyar ranar Alhamis.