Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Titin da Ya Raine Ni

A makon jiya na tsaya a daren da Baba ya kira ni zaure, bayan sakamakon jarrabawar shiga sakandare ya fito babu sunana, ya ce ba zai zuba ido in zama ɗan zaman kashe wando a ƙofar gida ba. Ba a yi kwana uku ba ya gama magana da Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya daɗe yana aiki a kantin wani Kwara, wato Balaraben Labanan ko Siriya, a Fagge ta Kudu.

Da kaka ne, ƙarshen 1971, sanyi ya fara sauka. Kawu ya ɗora ni a bayan kekensa Raleigh, muka fita ta Ƙofar Wambai. Lokacin ma ba a koma tuƙin hannun dama ba, sai a Afrilun 1972. Ni ɗan cikin ganuwa ne, kasuwar da na sani ita ce Kurmi, mai lunguna da rumfuna, inda sai ka kauce wa jaki kafin ka wuce. Da muka shiga titin da yau ake kira Ibrahim Taiwo, inda kasuwar yadi ta Kantin Kwari take, sai na ga kamar wani gari aka kawo ni. Titi ne mai faɗi, kantuna a jere, kowanne da baranda da ginshiƙai da ƙofar ƙarfe. A barandar teloli ne ke zaune da kekunan Singer, ƙafafunsu na ta motsi. Masu kantunan ba wata unguwa suke tafiya in sun tashi ba. Iyalansu na nan a sama ko a bayan kantin, kana iya hango shanyar kayan yaransu, kana jin ƙamshin gahawa yana haɗuwa da na sabon yadi.

Kawu ya rusuna kaɗan ya ce, “Maigida, ga yaron da na faɗa maka. Ɗan yayata ne, amana ne.”

Mutumin fari ne tas, da tumbi, gilashi a ƙarshen hanci. Na zata Turanci zai yi. Sai na ji Hausar Kano zalla, har da karin harshen Fagge.

“Kai yaro, bakwai sau takwas?”

Na ce, “Hamsin da shida, ranka ya daɗe.”

Ya ce, “To, ɗauki tsintsiya.”

Wata uku ina shara, ina ɗebo ruwa, ina kai wa uwargidan cefane sama, ina jera turaman atamfa yadda kala ba za ta ɓoye kala ba. Ba a bar ni na taɓa almakashi ba. A kan kantar akwai sandar awo ta tagulla, yadi ɗaya cif, an kafe ta da ƙusoshi, tsakiyarta ta yi santsi saboda shekarun da yadi ya yi yana gogarta. Idona kullum a kanta yake.

Ranar da na fara yanka, ba shiri aka yi ba. Kawu ya tafi tasha karɓo kaya, maigida yana sama yana barcin rana, domin Kwarori ba sa wasa da wannan barcin. Sai ga wani dattijo da saurayi a bayansa, idanunsu jajur. Dattijon ya ce, “Ɗana, alawayyo muke so, na likkafani.” Matarsa ce ta rasu da hantsi. Na sauko da bandir ɗin, na auna, hannuna na rawa, na sa almakashi ya tafi a karkace, gefe ɗaya ya gaza da kusan taƙi guda. Na tsaya riƙe da yadin, na kasa naɗewa, na kasa magana. Ashe maigida ya sauko. Ya karɓi almakashin a hannuna, ya auna wani, ya ƙara ɗan yatsa biyu a kan awon, ya ɗan tsaga baki, ya ja da hannu biyu yadin ya rabe sak. Ya naɗe ya miƙa wa dattijon, ya yi masa ta'aziyya, ya karɓi kuɗin da ya saro kawai. Da suka fita ya juyo ya ce mini, “Ba a ciniki a kan likkafani, ba a cin riba a kansa. Wancan da ka ɓata kai wa Baba tela ya yi maka riga.” Rigar da na yi Sallah da ita kenan a shekarar.

Wannan Baba tela shi ne malamina na tarihi. Ya tsufa ƙwarai, ni nake zura masa zare a allura, shi kuma yana biyana da labari. Shi ya faɗa mini cewa Fagge tun asali zango ce, inda Buzaye ke sauke raƙumansu da gishiri da kanwa a wajen ganuwa kafin su shiga Kurmi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shekara ta zagayo gyaɗa ta yi kuɗi, sai ciniki ya fara juya baya ga hanyar hamada yana fuskantar tasha. Kamfanonin Turawa irin su John Holt da GBO, daga baya UAC, suka kafa kantuna da rumbuna kusa da layin dogo. Mutanen Labanan da Siriya, waɗanda muke kira Kwarori, aka ba su filaye a nan Fagge ta Kudu, tsakanin Turawa da mutanen gari. Da kaka su sayi gyaɗa, manomi ya karɓi kuɗinsa, kafin ya kama hanyar ƙauye ya bar rabinsa a kantinsu ya tafi da zanen mata da akoko. Baba tela ya ga dalar gyaɗa tun tana tashe, ya ga Alhassan Ɗantata da idonsa kafin rasuwarsa a 1955, kuma in ya zo nan a labarin sai ya dakatar da keken, ya ce shi ne ya nuna Bakano ma zai iya zama kafaɗa da kafaɗa da kamfanin Bature.

Ko kan sunan wurin yana da ra'ayinsa. Wasu na cewa Kantin Kwari daga Kwarori ya samo asali. Shi kuwa ya ce a'a, kwari ne na gaske, gangare, duk ruwan da ya sauka a kewaye nan yake nufowa. Yana nuna mini manyan kwatocin bakin titi da almakashinsa yana cewa waɗanda suka tsara wurin sun san da haka. Na riƙe wannan maganar, za ku ji dalili.

Ban cika shekara a kantin ba iska ta fara juyawa. A 1972 gwamnatin Janar Gowon ta fitar da dokar mayar da wasu harkokin kasuwanci hannun 'yan ƙasa, cinikin sayar da kaya ɗai-ɗai yana ciki, aka ba baƙi wa'adi zuwa 1974. Da yamma sai ka ga Kwarori sun taru a barandar ɗayansu, suna magana da Larabci ƙasa-ƙasa, ana ta hura taba. Wasu suka nemi takardar zama 'yan ƙasa, da ma a Kano aka haife su, a nan iyayensu ke kwance. Wasu suka kwashe jarinsu suka koma Bompai da Sharaɗa suka kafa masana'antu na roba da alewa da takalma. Wasu suka tattara suka tafi.

Ana cikin haka kuɗi ma ya canza. Ranar 1 ga Janairun 1973 naira ta maye gurbin fam. Fam ɗaya naira biyu, wannan ba wuya. Wuyar tana ga sule. Da kwabo goma sha biyu ne sule, yanzu aka ce goma. Ba na manta wata tsohuwa da ta zo sayen ɗankwali, na ƙirga mata canjinta a tafin hannu, ta sake ƙirgawa, ta dube ni ta ce, “Ɗan nan, ina kwabo biyun nawa? Ka ji tsoron Allah.” Na yi bayani har na gaji. Kawu ya zaro kwabo biyu daga aljihunsa ya ba ta, ya ce, “Yi haƙuri Inna, yaro ne.” Mun yi watanni muna faɗin farashi da fam muna karɓar naira, har yau kuma akwai tsofaffin da in ka ce naira ɗari biyu sai sun mayar da ita fam ɗari kafin su gane.

A farkon 1974 maigida ya kira Kawu sama. Sun daɗe. Da suka sauko, ya ɗora makullan kantin a kan sandar awon nan, ya ce Kawu ya ɗauka, ya riƙa biya da kaɗan-kaɗan. Babu lauya, sai shaidu biyu da takarda ɗaya. Kawu ya kasa cewa komai, sai hawaye. Shekara ashirin da ɗoriya yana buɗe ƙofar nan da safe a matsayin yaro. Irin wannan ta faru a kantuna da yawa a layin, yaran kanti na jiya suka wayi gari iyayen gida. Sai kuma ga kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi, a farkon 1975, ma'aikata suka karɓi ariyas, kowa ya tuna yana da lefen da bai haɗa ba. Mun sayar da atamfar Holan da ta Ingila da leshi da shadda har kanta ta zama fayau. Mafi yawan cinikin yau da kullum kuwa na kayan gida ne, na masaƙun Kaduna irin su KTL da UNTL da Arewa, daga baya ga namu na Kano irin su Bagauda da Gaskiya. Audugar daga Funtuwa da Gusau take, saƙar a Kakuri, unguwar masaƙu ta Kaduna, cinikin a Kwari. 'Yan sari daga Damagaram da Maraɗi da Marwa da Njamena su kwana a barandarmu a kan dilolinsu, su jira mota.

Sunan titin kuwa da jini ya zo. Ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1976, muna buɗe kanti, rediyon Baba tela ya fara kiɗan soja. Kafin azahar labari ya game gari cewa an kashe Janar Murtala a Legas. Ban taɓa ganin layin nan ya yi tsit irin na ranar ba. Ƙofofin ƙarfe suka riƙa rufuwa ɗaya bayan ɗaya, manyan mutane na kuka a fili, domin Murtala namu ne, ɗan Kano, nan kuma aka kawo shi aka binne. A wannan yunƙurin juyin mulki da Laftanar Kanar Dimka ya jagoranta aka kashe Kanar Ibrahim Taiwo, gwamnan soja na Jihar Kwara. Sunansa aka sa wa titinmu. Yawancin yaran da ke dako a kansa yau ba su san ko waye ba.

Abin da ya biyo baya zan taɓa shi sama-sama, domin kowanne yana da nasa kashin a gaba. Buhari ya canza kuɗi ya rufe iyakoki a 1984, baƙinmu na Nijar da Chadi suka ɗauke ƙafa. SAP, wato shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida, ta zo a 1986, naira ta fara zubewa. Masaƙu suka riƙa rufewa, wuta babu, baƙin mai ya yi tsada, har UNTL ta tsaya a 2007. Kwantenonin Sin suka cike gurbin. Ana yawan ɗora wa 'yan Sin laifi, amma ni da ke cikin kasuwar na san mu ne muka riƙa ɗaukar samfurin zanen Kaduna muna kai musu su buga mai araha. Ni ma na sayar, ba zan ɓoye ba, kuma yana damuna in na tuna ma'aikatan Kakuri da suka tsufa suna jiran haƙƙinsu.

Shi ma titin ba mu raga masa ba. Gidan da iyali ɗaya ke zaune da kanti ɗaya a ƙasa, aka rushe shi aka tayar da bene mai shaguna sama da ɗari. Aka toshe baranda aka mai da ita shago, aka kori teloli. 'Yan tebura suka cika bakin hanya, sannan tsakiyarta. Kwatocin nan da Baba tela ke nuna mini, aka zuba musu kankare aka yi gini a kai. Arziki ya ƙaru, wannan gaskiya ne, dubban matasa na ci daga Kwari, daga Unity Road har Singa da Wapa, kuma ina alfahari da hakan. Amma da damina ta 2022 ruwa ya shiga kasuwar, na tsaya a bakin shagon ɗana ruwa har gwiwa, dilolin shadda sun jiƙe sun yi nauyin da mutum huɗu ba sa iya ɗagawa, kalar atamfa na bin ruwan ja da shuɗi. Wani yaro a gefena yana cewa bai taɓa sanin ruwa na biyowa ta nan ba. Na ce masa, “Ɗana, tun kafin a haifi kakanka nan ce hanyarsa.”

Bari in koma baya kada in wuce kaina. Bayan arba'in ɗin Murtala da 'yan kwanaki, Kawu ya rufe kanti da wuri, ya ce in tsaya. Ya ciro ƙullin kuɗi daga ƙarƙashin kanta, ya ƙirga sau biyu, ya naɗe a tsumman atamfa, ya ce in kai wa Baba tela ya ɗinke mini shi a cikin ƙugun wando. Ya ce, “Gobe da asuba za ka hau jirgi zuwa Kaduna, kai za ka saro mana kaya. Kada ka ci abincin kowa a hanya, kada ka yi barci.” Shekarata goma sha bakwai, ban taɓa wuce Zariya ba.

Abin da ya same ni a tashar Kaduna, da mutumin da ya zauna kusa da ni tun daga Challawa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.