Littafin sanyi na 'yan aji ɗaya

Zango na biyu yakan fara ne a watan Janairu, daidai lokacin da hunturu ya kankama. Ina koyar da kimiyya a aji ɗaya na ƙaramar sakandare, a wata makarantar gwamnati da ke gefen birnin Kano, kuma shekaru da dama babban abin da ke damuna a wannan zango shi ne makara. Za a kaɗa ƙararrawa, a gama asambile, rabin aji ba su iso ba. Waɗanda suka zo kuma sun takure a benci, hannu cikin riga, leɓe ya tsage, diddige ta yi faso, sai tari ta ko'ina.

Da faɗa da horo nake magance abin, har ranar da wata yarinya ta ce mini, "Malama, ruwan da muka ɗebo jiya ya yi sanyi ƙarara. Sai da na hura wuta na ɗumama wa ƙannena, sannan na yi nawa wankan." Na kasa ce mata komai. Ranar na ajiye bulala.

Yunƙurina na farko bai yi nasara ba. Na rubuta dokoki shida a allo: kwanciya da wuri, shirya jaka tun da dare, shafa mai, shan ruwa, rufe hanci, da bitar darasi. Kafin mako biyu babu mai tuna ko uku. Yaro ɗan shekara 11 ko 12 ba ya riƙe abu shida a lokaci guda, balle abin da bai ga dalilinsa da idonsa ba. Sai na koma ɗabi'a ɗaya a mako, kuma kowacce na ɗaure ta da darasin makon.

Na sayo ma'aunin zafi na rataye a baranda. Duk wanda ya riga zuwa shi zai karanta, ya rubuta a wani littafi da muka ware, a sake dubawa kafin a tashi. Da safe mukan samu digiri 13 ko 14, da rana ya doshi 30. Wannan tazarar ta ba su mamaki, kuma son riƙe littafin ya fi bulalata saurin kawo wasunsu makaranta.

Mako na gaba muka jiƙa tsumma muka shanya, kafin a dawo daga tara ya bushe ƙayau. Na ce musu abin da busasshiyar iska ta yi wa tsumman nan shi take yi wa leɓensu, don haka a shafa man kaɗanya ko basilin da an fito wanka, a kuma sha ruwa ko ba a jin ƙishi. Wani makon muka shafa mai a faranti muka ajiye a taga daga Litinin zuwa Juma'a. Da suka ga ƙurar da ta manne, na nuna musu taswira: iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta daga Sahara, mai yawa daga kwarin Bodele da ke Chadi. Tun daga nan masu shara ke yayyafa ruwa kafin su ɗauki tsintsiya.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na garwashi. Na kunna kyandir na kifa masa kwalba, muna kallo wutar ta yi ƙasa ta mutu. Na tambaye su wa ke kwana da kaskon wuta a ɗaki, hannuwa da yawa suka tashi. Na bayyana musu cewa gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, mutum yana barci ta yi ajalinsa. A ji ɗumi, amma a fitar da kasko kafin a kwanta. Na roƙe su kowa ya faɗa a gida cikin ladabi. Washegari wani yaro ya ce kakarsa ta yi masa tsawa, amma da dare ya ga da kanta ta fitar da kaskon tsakar gida.

Kowace Juma'a nakan ware minti 10 na ƙarshe, kowa ya rubuta layi uku kan abin da ya gani da abin da ya canza a gida. Makara ba ta ƙare gaba ɗaya ba. Masu talla da masu ɗibar ruwa da asuba har yanzu sukan zo a makare, saboda haka ranar da darasina ne na farko nakan fara da bita, sabon abu sai sun hallara.

A ƙarshen Fabrairu hazo ya fara washewa, lambobin safe suka riƙa hawa. Na ce za mu rufe littafin, sai ajin ya ɗauki "A'a Malama!" Suna so su ga inda ma'aunin zai kai a watan Afrilu. Na sayo musu sabon littafi, kuma yarinyar nan mai ɗumama ruwa ce ta rubuta kwanan wata a shafin farko.