Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Littafin Baba na Maƙera

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wancan makon na tsaya a inda aka kai ni makarantar kwana, na kuma yi alkawarin yau zan faɗi yadda na haɗu da uwar yarana, to ku yi mani haƙuri, yau ba zan iya ba. Ranar Talata na je gaisuwar rasuwa can wajen Ƙofar Guga a birnin Katsina, da zan dawo sai ƙafata ta bi da ni ta gaban tsohuwar maƙerarmu, na tarar an mayar da ita shagon cajin waya, inda uwar maƙera take a da yanzu janareta ne a zaune. Tun ranar ban yi barcin kirki ba, maganar Baba ce kawai ke ta yawo a kaina, Allah Ya jiƙanshi da rahama. Yakan ce, bindiga ba ta shiga kabari, wanda ya miƙa ta ne zai shiga.

Kun dai san gidanmu gidan ƙira ne tun kakanni, garma da fartanya da lauje duk ana yi, amma abin da aka san Baba da shi har ƙasar Batsari da Jibiya shi ne gyaran bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka. Yana sayar da albarushi, yakan kuma ƙera sabuwa amma ba ya wuce biyar ko shida a shekara, kuma yana da takardarshi ta izini a cikin wata jakar fata da ba wanda ya isa ya taɓa. Duk sallah, tun saura kwana goma, 'yan bindigar Sarki za su cika ƙofar maƙera ana duba masu kunama ana goge tsatsa. Yaran yanzu ba za su gane ba. A lokacinmu idan aka ce 'yan bindiga, mutanen da ke gaban Sarki ranar hawa ake nufi, su saki wuta a Ƙofar Soro hayaƙi ya turnuƙe mata na guɗa, mu yara muna toshe kunne muna murna. Yau jikata in ta ji kalmar nan a rediyo sai ta ruga ta riƙe uwarta.

Baba yana da wani littafi mai baƙin bango, da ajami yake rubutu a ciki. Duk bindigar da ta shigo ko ta fita sai ya rubuta sunan mai ita da na ubanshi da garinsu da wanda ya tsaya mashi da kwanan wata. Kuma dole a samu mai tsayawa, ko mai unguwa ko dagaci ko Sarkin Baka na yankin, in Bafulatani ne to ardonshi ya zo da ƙafarshi ko ya aiko ɗanshi. Fulani da yawa abokan cinikinshi ne, har man shanu suke kawo ma Inna, ba ruwanshi da ƙabilar mutum, a san gidan ubanka kawai. Sannan a ƙarƙashin kunama yana yin wasu 'yan tsage guda uku da kurfi, duk inda bindigarshi ta je zai gane abarshi.

Akwai mutanen da ko nawa suka zo da shi ba zai ba su ba. Wanda ya zo bayan magariba. Wanda aka san yana rikicin gona ko na gado, wannan sai ya ce mashi je ka dawo bayan kaka, mafi yawansu kuma ba su dawowa don zuciya ta riga ta huce. Sai wanda ya fi ba ni mamaki ina yaro, wato wanda aka yi ma kuɗi ya zaro ya biya bai taya ba. Na ce Baba ai wannan shi ne cinikin albarka, ya ce a'a, maharbin gaskiya talaka ne, sai ya ja ciniki har rana ta karkata, wanda bai taya ba sauri yake, mai saurin bindiga kuwa ba zomo ne a ranshi ba.

Sai da na girma na shiga aikin koyarwa wani abokina ɗan sanda ya nuna mani dokar bindigogi ta 1959, na ga ashe abin da Baba ke yi yana nan a rubuce, shi da ko aji ɗaya bai shiga ba. Dokar ta ce dillalin bindiga sai yana da rajista kuma ya ajiye littafin ciniki, kada ya miƙa ma wanda bai nuna lasisi ba. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko wanda aka ɗaure kan laifin ta da hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Bindigar toka kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininta, mai baki biyu ta farauta Sufeto Janar, manyan na yaƙi kuwa sai shugaban ƙasa. Doka tana nan lafiya lau tun kafin a ba mu mulkin kai, masu riƙe ta ne suka yi ƙaranci.

Ni ma na taɓa yin kuskuren, kuma ba zan ɓoye ba. Shekarar da Sarki Usman Nagogo ya rasu, 1981, ina ɗan shekara 13, Baba ya tafi kasuwa sayen gawayi ya bar ni ina jiran maƙera, wani mutum ya zo ya ce yayanshi ne ya aiko shi ya karɓi bindigar da ya kawo gyara, ya faɗi sunan daidai ya faɗi garin daidai har ya biya kuɗin gyara, ni kuwa na ɗauko na ba shi ina ganin na yi abin kai. Da Baba ya dawo na faɗa mashi, wallahi bai ɗaga hannu ya buge ni ba, da ma dukan ya yi da ya fi mani sauƙi. Ya ajiye buhun gawayi, ya jawo kekenshi Raleigh ya ce hau. Muka kama hanyar Jibiya rana na faɗuwa, bai ce mani uffan ba, numfashinshi kawai nake ji da ƙarar sarƙa, ba mu isa ƙauyen ba sai bayan isha'i. Gidan dagaci muka fara sauka. Ashe ƙanen ne da gaske, amma wata uku ba su ga maciji da yayan nashi kan gonar da ubansu ya bari, ba wanda ya aike shi. Dagaci ya sa aka je aka amso bindigar, ko da aka kawo ta a ɗure take. A hanyar dawowa cikin dare Baba ya tsaya gindin wata tsamiya ya sha ruwa, ya ce ɗiyana, ka ga abin nan da ke rataye a bayana, ba ta shiga kabari, ni da kai ne za mu shiga, kuma ba za a tambaye ta ba.

Littafin nan ya taɓa fitar da shi kunya. Bayan dokar fashi da makami ta 1984, lokacin da ake ɗaure 'yan fashi a jikin ganga, aka kama wasu da bindiga aka bi maƙeran gari ɗaya bayan ɗaya. Baba ya buɗe littafi ya ce ku duba ƙarƙashin kunama, in akwai tsage uku tawa ce kuma zan faɗa maku sunan mai ita yanzun nan. Babu. Ko caji ofis ba su kai shi ba. Wannan labarin Yaya yana tsaye aka yi shi, da idonshi ya gani, shi ya sa abin da ya yi daga baya har gobe ban sama mashi uzuri ba.

Baba ya rasu shekarar sanƙarau, 1996. Maƙera ta koma hannun Yaya tunda shi ne babba kuma shi ya zauna a sana'ar, ni ina can ina koyarwa a ƙauye, ban taɓa jayayya da wannan ba ko sau ɗaya, duk da abin da Goggo uwar Yaya ke faɗa ma mutane. Shekaru suka yi ta tafiya, na yi aure, aka yi ta haihuwa, ba na zuwa gida sai sallah. Ban ankara ba sai bayan an kashe Gaddafi a 2011 makamai suka fara kwararowa ta Nijar, satar shanu ta yi ƙamari a dajin Rugu, kowa a ƙauye yana neman abin kare kanshi, ciniki ya buɗe ma Yaya irin wanda Baba bai taɓa gani ba. Ya sayi babur, ya ƙara aure, ya daina taɓa garma gaba ɗaya.

Wata ranar Juma'a na shigo gari na biya maƙera, na tarar da wasu samari biyu da rawani ya rufe masu baki, sun ɗauki guda uku an naɗe a buhu, suka ƙirga kuɗi suka miƙa ko tayi babu. Gabana ya faɗi. Da suka tafi na ce Yaya su wane ne waɗannan, ya ce 'yan banga ne daga yamma. Na ce wa ya tsaya masu, ina littafi? Ya yi dariya ya ce malam, zamanin littafi ya wuce, mutanen daji AK-47 gare su, mi za su yi da adakarmu. Na ce Yaya, ɓarawo ai ba da AK yake farawa ba, da irin wannan yake tare hanya har ya tara kuɗin babbar. Na tuna mashi ayar nan ta Ma'ida da ta hana taimakekeniya a kan zunubi da ƙetare iyaka, na ce malamanmu na Malikiyya sun hana sayar da makami ga wanda ake zaton zai yi ɓarna da shi, balle a lokacin fitina. Na faɗa mashi maganar Baba. Ya ce kai da ka gudu boko ka bar mu da zugazugi yau kai za ka koya mani maganar Baba? Da dare Goggo ta kira ni ɗakinta ta ce hassada nake ma ɗanta don Allah Ya buɗa mashi. Inna tana jin komai daga ɗakinta, ba ta ce komai ba, washegari na ga idonta a kumbure.

Kada wani ya ce ina ƙin talaka ya riƙe abin kare gidanshi. Na zauna a ƙauyukan nan, na san abin da ake nufi da a shigo gari ƙarfe biyun dare ba mai kawo ɗauki. Bayan an kwashe yara sama da 300 a makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020, shi kanshi Gwamna Masari a 2021 ya fito ya ce mutane su tashi su kare kansu, kuma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da jami'an tsaron al'umma a 2023 na yi murna, musamman da na ji ana ɗaukar sunan kowa da garinsu. Abin da nake faɗa kenan tun farko, a san wa aka ba. Domin mun ga kuma 'yan sa-kan da suka samu bindiga ba mai tsaya masu, suka riƙa tare Bafulatani a kasuwa bai san hawa ba bai san sauka ba, wuta ta ƙara ruruwa. Kuma na san maƙerin unguwa ƙaramin alhaki ne in aka kwatanta da masu shigo da kwantena, ko a 2017 kwastan sun kama bindigogi 661 a Legas a tashi ɗaya. Amma Baba bai taɓa cewa laifin wani ya sauke maka naka ba.

Na yi tsalle, bari in koma. Bai fi wata bakwai da zuwan samarin nan ba aka tare wani bawan Allah a hanya yana dawowa daga kasuwar Batsari a kan babur, aka harbe shi aka tafi da babur ɗin. Da aka kama ɗaya daga cikinsu aka same shi da adaka, shi ya kawo jami'ai har ƙofar maƙera. Abin da ya fi ƙona mani rai, Yaya ya watsar da littafi amma bai daina yin tsage ukun ba, don sunan Baba ke sayar mashi da kaya. Alamar ubanmu aka gani a jikin bindigar da ta kashe mutum.

Yaya ya yi wata tara a tsare. Aka sayar da gonar gado ta bakin rafi aka biya lauya, har da rabona a ciki ban ce komai ba, na ƙara da albashina na wata biyu. Amma da ya fito sai magana ta zagaya dangi wai ni na kai tsegumi. Ni. Na rantse da Alƙur'ani a gaban Kawu ban kai ba, Goggo har ta koma ga Allah ba ta yarda ba, 'ya'yan Yaya in mun haɗu a biki sai su kawar da kai. To yau zan faɗi abin da ban taɓa faɗa ba, ban kai ba, kuma rashin kaiwar shi ne abin da nake nadama. Da ranar Juma'ar nan na yi abin da Baba ya yi a 1981, na tafi wajen mai unguwa tun buhun bai bar gari ba, wataƙila da mutumin nan yana raye. Na ji kunyar zumunci na yi shiru na koma ƙauye.

Na nemi garin mamacin na je ta'aziyya, ban faɗi ko ni wane ne ba. Aka shimfiɗa mani tabarma, wani yaro da bai wuce shekara shida ba ya kawo mani ruwa a kwanon sha, aka ce shi ne na ukun cikin biyar da ya bari. Na sha ruwan, na yi addu'a, na ajiye abin da ke aljihuna, tsohon da ke karɓar gaisuwa ya ce malam daga ina, na ce daga birni, ya ce Allah Ya ba da lada, kun sha hanya.

Littafin kuwa sai bara na same shi, a ɗakin ajiya na gidanmu ƙarƙashin tsofaffin buhuna, gara ta ci fiye da rabi, ganye 14 suka rage. Yana cikin akwatina yanzu tare da jakar fatar. A shafi na huɗu akwai sunan mutumin ƙauyen hanyar Jibiya, a gefe Baba ya rubuta da ƙaramin rubutu, an amso, an mayar ma mai ita a gaban dagaci.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu zan koma kan makarantar kwana.