Tsakanin boris da birki a tsofaffin motocin MG da Triumph

Garejina ƙarami ne, yana gefen birnin Coventry a ƙasar Ingila, kuma aikinmu bai wuce tsofaffin motocin gudu masu kujera biyu ba, musamman MGB da aka ƙera a Abingdon daga 1962 zuwa 1980, da Triumph Spitfire da TR6 waɗanda a nan Coventry aka haɗa su. Ƙorafin da na fi ji daga masu su shi ne birki ya yi laushi: takawar farko feda ta nutse, sai a ta biyu ta kama. Sau da yawa kafin su iso wurina an riga an fitar musu da iska daga birkin, an sake man birki, amma matsalar tana nan daram.

Ni ba na fara taɓa birkin. Ina ɗaga gaban motar a kan jak, in kama taya sama da ƙasa in girgiza, domin idan boris ɗin gaba ya yi sako-sako, faifan birki yana karkacewa a duk kwanar da aka sha, ya tura fistin da yake matse birki baya, shi ya sa takawar farko take tafiya a banza. Idan na ji motsi, sai in sa yarona ya danne birki in sake girgizawa. Motsin da ya ɓace na boris ne, wanda ya ci gaba kuwa daga gaɓar da ƙafar motar take juyawa a kanta yake. A motoci masu wilin waya har sai na tabbatar haƙoran da wili yake zama a kansu ba su cinye ba, don su ma suna yaudarar hannu.

Wannan hannun a Kaduna na samo shi, a wurin maigidana, Allah ya jiƙansa, lokacin da Peugeot 504 ta cika gari. Na daɗe ba ya barina in riƙe sifana, aikina kawai wanke boris da kananzir, in shanya, in cusa giris da tafin hannu har sai ya ɓullo ta ɗaya gefen. Yakan miƙo mini boris ya ce in juya shi idona a rufe, in faɗa masa ko akwai kurji a ciki. Har yau haka nake gwada kowane boris, sabo ne ko tsoho.

Daidaita na MGB shi ne aikin da na fi alfahari da shi. Tsakanin boris na ciki da na waje akwai ƙarfen da yake raba su, tare da wasu siraran wosha da ake kira shim, masu kaurin kashi 3 ko 5 ko 10 cikin dubu na inci. Ana ɗaure notin tamau, don haka da waɗannan siraran ƙarafa kaɗai ake samun ratar da ake nema, wato milimita 0.05 zuwa 0.10. Muna haɗawa ba giris, mu kafa agogon awo, mu karanta, mu kwance, mu cire ko mu ƙara, wani lokaci har sau huɗu, sannan mu sa giris da sabon fil mai kulle notin. Na sha buɗe motar da wani ya jefar da ƙarfen da shim ɗin gaba ɗaya don gudun wahala, alhali su ne suke ƙara wa sandar da taya take juyawa a kanta ƙarfi. Na Triumph daban ne: babu wancan ƙarfen, noti ake ɗaurewa a hankali a sassauta shi har ramin fil ya dace. Wanda ya ɗaure shi irin na MGB zai ƙona boris.

A nan ne masu sayar da kayan gyara suke ɓata mini rai. Ulun da yake tare giris a bayan boris ɗin Triumph yanzu yakan zo da kauri fiye da kima, ya sa bakanike ya zaci ya daidaita, bayan 'yan kwanaki ulun ya lotse taya ta fara rawa. Saboda haka nake auna ratar kafin in sa shi. Boris ɗin jabu kuwa, mai kwali mai kyau da ƙarfe mara tauri, na mayar da shi ya fi a ƙirga, kuma duk mai motar da ya zo da nasa daga intanet don arha ina gaya masa gaskiya cewa ba zan ɗaura ba.

Sai boris ya zauna daidai nake komawa kan birkin. Motar da take fizga gefe ɗaya, ko tayar da take zafi bayan ɗan tuƙi, ina zargin mesar roba ko fistin da ya yi tsatsa. Tsohuwar mesa tana kumbura daga ciki, mai ya wuce da ƙarfin ƙafa amma ya kasa dawowa. Idan na sassauta kusar fitar da iska taya ta saki nan take, fistin ba shi da laifi. Man birki yana shan danshi, don haka nake ba da shawarar a sake shi duk shekara 2, kuma ba na gauraya mai nau'in DOT 4 da na DOT 5.

Masu neman ragi sukan ce awa uku sun yi yawa a kan taya biyu. Nakan nuna musu agogon awon, in sa su girgiza tayar da hannunsu kafin aiki da bayansa. Daga nan in fita da motar da kaina, in sha kwana hagu da dama, in taka birki sau ɗaya tak, in dawo in dafa cibiyar kowace taya in ji ɗuminta kafin in miƙa makulli.