Abin da nake tambayar mai sayen waya kafin in buɗe kwali

Waya nake sayarwa a Katsina, a wani ɗan shago da ke wajajen Ƙofar Ƙaura. Ni ne da yara biyu, ɗaya yana koyon gyara, ɗaya yana kula da kayan kanti. Masu shigo mana galibi ba masu neman iPhone ba ne. Mai Keke Napep ne, ko ɗalibar Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko mai POS, ko matar aure mai tallar atamfa da turaren wuta a WhatsApp, ko dattijon da 'ya'yansa suka matsa mashi ya ajiye ƙaramar wayarsa mai madannai ya koma mai shafawa. Kowanne ya tara kuɗin nan ne da guminsa, kuma in ya saya yau ba zai sake saye ba sai bayan shekaru.

Kaya daga Kano muke ɗaukowa, kasuwar Farm Centre, su kuma manyan dillalan can da yawansu daga Legas suke sarowa. Tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023 farashi ya daina zama wuri ɗaya. Shi ya sa ba na rubuta kuɗi a jikin kwali, sai na kira Kano na ji yadda aka tashi.

Abin da ya cika kantata Tecno ne da itel da Infinix, sai ƙananan Samsung na jerin A da Redmi. Mutane da yawa ba su san cewa ukun farkon nan uwa ɗaya uba ɗaya suke ba: kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen a ƙasar Sin yake yin su. Ba a banza suka mamaye kasuwarmu ba. Sun zo da waya mai layi biyu tun lokacin da sabis ke yawan ɗaukewa, sun saka batir mai jure rashin wuta, sun gyara kyamara ta yadda fuskar baƙin mutum ke fitowa fes. Layi biyun nan a wajenmu ba ado ba ne. Wanda ke zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Daura da Kwangwalam, layin Najeriya yake sakawa a gefe, na Nijar a gefe. Abin da ya fi wannan duka a wajena shi ne kayan gyara. In sikirin ɗin Tecno ya fashe, kafin la'asar an samo wani a cikin gari. Akwai wayoyin da in suka fashe sai mutum ya jira a aiko daga Legas, in ma an samu.

Ana cewa araha ba ta ado, kuma gaskiya ne, amma wanda ya shigo shagona ba ado ya zo nema ba. Saboda haka kafin in taɓa kwali sai na tambaya: me za ka yi da ita?

Wani zai ce, "Malam, ka dai ba ni mai kyamara uku." Sai in ce mashi ya bar kyamara tukuna, mu yi maganar RAM. Yadda nake kwatanta masu shi ne, ma'adanar waya rumbu ce, RAM kuwa tabarmar da kake zubo hatsi a kai ka yi aiki. Komai girman rumbunka, in tabarmar ƙarama ce sai ka kwashe wannan kafin ka zuba wancan. Shi ne dalilin da mai waya mai RAM 2GB yake fita daga WhatsApp ya shiga manhajar banki, kafin ya dawo komai ya rufe, lambar akawun ɗin da ya kwafa ma sai ya sake nemo ta. Mai POS ko mai kasuwancin intanet ba na yarda in sallame shi da ƙasa da 4GB, ko da zai ji haushina ya tafi wani shago. Akwai kuma wata dabara da ake bugawa a jikin kwali, ka ga an rubuta 4+4 ko 3+3. Lambar farko ce ta gaskiya. Ta biyun aro ce daga ma'adana, tana ɗan taimakawa, amma ba ta kai saurin ta ainihi ba ko kusa. Ina faɗa wa kowa wannan, don ba na so mutum ya tafi gida yana zaton 8 ya saya.

Wannan ba ya nufin waya mai ƙaramin RAM ba ta da amfani. A ƙarshen 2017 Google ya fitar da Android Go, wato manhaja mai sauƙin nauyi da aka yi musamman don irin waɗannan wayoyi. Dattijon da buƙatarsa ita ce ya ji karatun Alƙur'ani, ya saurari labarai, ya yi kiran bidiyo da 'yarsa da ke aure a Kaduna, wannan ta ishe shi har da ƙari. Zalunci ne in ɗora mashi mai tsada. Ma'adana kuwa, 32GB ta zama tarihi, domin manhajar wayar kanta ta cinye kaso mai yawa tun kafin ka ɗauki hoto ɗaya. A fara daga 64GB. Batir 5000mAh ya zama ruwan dare ko a masu araha, kar a yarda da ƙasa da haka sosai. 5G kuma, duk da MTN ya ƙaddamar da shi a Najeriya tun 2022, mai ƙaramin ƙarfi bai kamata ya ƙara ko sisi saboda shi ba. Ya tabbatar dai akwai 4G.

Na hannu ma muna sayarwa, amma a nan ne nake taka-tsantsan fiye da ko'ina. Duk wanda ya kawo mani waya zai sayar, sai an danna *#06# lambar IMEI, wato lambar shaidar da kowace waya ke da tata, ta fito, mu gwada da ta jikin kwali ko rasit. Sannan ya cire akawun ɗinsa na Google da hannunsa a gabana. In ya ce ya manta, ko ya ce ta ƙanensa ce, to ya tafi da abarsa. Wayar Android in aka goge ta ba a cire akawun ba, sai ta tsaya tana neman tsohon mai ita, kuma an yi hakan ne don ɓarayi. Na kan kuma bi sikirin da yatsa lungu-lungu, don akwai wanda aka canza da jabu, tsakiya na amsawa gefe ya mutu. Sai tsufan manhaja: a watan Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ke ƙasa da Android 5, kuma manhajojin banki ma suna ta ɗaga nasu sharaɗin. Waya tana iya yin kyau a ido alhali kwanakinta a ƙirge suke.

Yanzu ga ɓangaren da na fi ɗauka da muhimmanci, wanda kuma ba a biyan mu ko kwabo a kai. In an gama ciniki, ba na barin mutum ya sa kwali a hammata ya fita. Sai ya zauna a benci mun saita ta tare.

Abu na farko shi ne yadda zai riƙa shiga da fita. Tun Android 10 da ta fito a 2019 ake iya sarrafa waya da shafa kawai: ka ja daga ƙasa ka koma gida, ka ja daga gefe ka koma baya. Matasa suna so, yana kuma ƙara faɗin sikirin. Amma dattijon da ya yi shekara da shekaru yana danna madanni, in ka miƙa mashi waya ba ko alama ɗaya a ƙasa, sai ya shiga wuri ya rasa hanyar fitowa. Na sha jin, "Ɗana, wayar nan ta ƙi ni." Sai in ce, "Baba, ba ƙin ka ta yi ba, kawo mu gani." In shiga saiti in dawo mashi da alamomin nan uku, in nuna mashi cewa ta tsakiya ita ce gida, duk inda ya ɓace ya danna ta. In ya saba da Samsung, inda alamar komawa baya ke hannun dama, sai in mayar mashi da ita can. Daga nan in ƙara girman rubutu, in kwashe tarkacen da ke fuskar waya, in bar mashi kira da WhatsApp da Alƙur'ani da rediyo da tocila. In mai rubutu ne, in saka mashi Hausa a Gboard, wato allon rubutu na Google, don ya samu ƙ da ɗ da ɓ, ya daina rubuta kasa a inda yake nufin ƙasa.

Sai abin da ke cinye data. Wayoyi masu araha suna zuwa da manhajojin da ba wanda ya nema, wasu suna ta turo talla. Wadda ke goguwa mu goge, wadda ba ta goguwa mu kashe mata sanarwa. A WhatsApp mu hana bidiyo sauka da kansa, in ba haka ba zauren 'yan unguwa kaɗai ya isa ya ƙarar da datar wata a mako. Akawun ɗin Gmail kuwa, shi zai zaɓi kalmar sirri, ya rubuta a takarda ya adana a gida, ni ba na riƙe ta kowa. Ina kuma roƙon kowa ya saka wa layinsa lambar sirri, ba waya kaɗai ba. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 asusun mutane ya koma cikin waya, kuma ɓarawon yanzu layin yake nema, ya zare shi ya saka a wata wayar ya lalubi banki.

Taswira ita ce abin da mutanenmu suka fi jahilta a wayoyinsu, alhali sun biya kuɗinta. GPS, wato abin da ke nuna wa waya inda take, ba ya buƙatar data, daga tauraron ɗan'adam yake karɓar saƙo kai tsaye. Abin da ke buƙatar data shi ne zanen taswirar, shi kuma ana iya sauke shi a Google Maps a ajiye. Direbobin da ke zuwa Kano da Abuja, nan take nake sauke masu. Waɗanda suka ga watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, ba sai an yi masu dogon bayani kan amfanin abin da ke aiki ba sabis ba. Masu sayar da kaya daga gida kuma ina koya masu tura wurin da suke ta WhatsApp. Lungunan cikin birni, irin na wajen Gobarau, kwatance da baki ba ya kai baƙo, amma in Hajiya ta tura alamar nan, mai kai saƙo har ƙofar gida zai zo.

Akwai abu biyu da nake gargaɗi a kai. Na ɗaya, wayoyi masu araha da yawa ba su da kamfas a ciki. Kamfani yakan cire shi don rage kuɗi, ba kuma a rubutawa a gaban kwali. In babu shi, kibiyar taswira ba ta sanin inda ka fuskanta sai ka fara tafiya, manhajar alƙibla kuma ba za ta yi aiki daidai ba. A Katsina wannan ba damuwa ba ne, kowa ya san gabas, da ɗan karkata arewa. Amma maniyyaci ko ɗan kasuwar da ke kwana a masauki a garin da bai sani ba, dole mu gwada mashi kafin ya biya. In kamfas ɗin yana nan amma yana rawa, sai a juya wayar a iska kamar ana rubuta lamba 8, zai daidaita.

Na biyu ya fi nauyi. Taswira gajeriyar hanya ta sani, ba ta san hanyar da ke da lafiya ba. Tana iya karkatar da baƙo ta cikin daji don ta rage mashi minti ashirin, a yankin da mutanen gari ba sa bi bayan la'asar. Duk wanda na saita wa taswira sai na ce mashi, in zai fita wajen gari, musamman ta yamma, ya fara tsayawa tasha ya tambayi direbobi.

Ribar waya sabuwa 'yar kaɗan ce, wani lokaci kafin ka sayar dala ta motsa, kuɗin da ka karɓa bai isa ka mayar da irinta kanta ba. Caja da riga da gilashin kariya da gyara su ke biyan hayar shago. A caja ma ba na ajiye ta bogi duk da ta fi riba, don na ga batira da yawa da suka kumbura ta dalilinta, ga zafin bazararmu da ke ƙara masu wahala. Yaran shagon na riga na gaya masu, ko layi ya kai bakin titi, ba wanda zai fita da sabuwar waya sai ya kira wani da hannunsa, ya tura saƙon murya, ya shiga wata manhaja ya fito ba tare da an taɓa mashi ba. In ya kasa, a sake nuna mashi daga farko.