Adon boho a wajen kamu

Jiya muka yi kamun 'yar yayata, kuma wallahi adon wurin ya tsaya min a rai. Babu furen roba mai ƙyalli ko ɗaya. Salon boho aka yi, wato ado mai sakewa da kayan tsirrai: busassun furanni, ganyen itacen turare, da ciyawar pampas mai laushin gashi, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne. Launukan duk masu sanyi, ruwan ƙasa da ruwan madara, an kuma jera faya-fayai a bayan kujerar amarya.

Goggonmu ta ce kamar ba a gama aikin ba. Ni kuwa wannan sakewar ce ta burge ni, ga shi zafin rana bai sa komai yaushi ba. Pampas ɗin dai akwai tsada. Na so a ce an haɗa da kan gamba tamu ta daji.