Ƙoda da Hawan Jini: Aikin da Ba Ya Son Gaggawa

'Yan uwanmu na Idi-Araba da Agege a Legas idan suka ji cewa bincike nake yi a kan hawan jini, sukan ce, "Dakta, wane magani za mu sha?" Ni kuwa ba na duba marasa lafiya, malamin jami'a ne ni, aikina nazarin yadda ƙoda take sarrafa gishiri da ruwa a jiki.

Jama'a sun fi ɗora alhakin hawan jini a kan zuciya da yawan tunani, alhali ƙoda tana da hannu dumu-dumu a ciki. Ƙodojin baligi suna tace kimanin lita 180 na ruwan jini kowace rana, su mayar da kusan dukkansa cikin jiki, abin da ke fita fitsari kuwa wajen lita ɗaya da rabi ne. Idan suka gaza zubar da gishirin da ya yi yawa, ruwa yakan taru, jini ya hau, hawan jinin kuma ya juyo ya lalata ƙananan jijiyoyin ƙodar. Tun 1898 Robert Tigerstedt ya gano sinadarin renin, wanda ke sa jini ya hau, a ƙodar zomo, amma sai a 1934 Harry Goldblatt ya nuna a Amurka cewa matse jijiyar da ke kai wa ƙodar kare jini ya isa ya haifar da hawan jini mai ɗorewa. Ina yawan tuna wa ɗalibaina wannan tazara ta shekara 36 idan suka ƙosa da gwajin da bai ba da sakamako ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun ƙwayar gado ta APOL1. A 2010 aka bayyana cewa wasu nau'o'inta suna kare mutum daga wani irin ciwon barci, amma wanda ya gaje su daga uwa da uba ya fi fuskantar haɗarin ciwon ƙoda. A cikin baƙaƙen fatar Amurka aka gano wannan, ko da yake a Afirka ta Yamma nau'o'in suka fi yawa, kuma a ganina mu ya kamata mu ja ragamar sauran binciken, duk da ƙarancin kuɗi da ɗaukewar wutar da ke barazana ga samfuran da ke cikin firiza.

Yanzu hankalina yana kan gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 a rana, amma wa ke lissafa na cikin dunƙule da yajin tsire? Hanya mafi inganci ta aunawa ita ce tara fitsarin awa 24, kuma shawo kan ɗan kasuwar Mile 12 ya yini da jarka a gefen rumfarsa ya fi aikin ɗakin gwaji wuya.